Wane Ne Tal'udu?

Na shafe shekaru masu yawa ina wucewa ta Tal'udu a birnin Kano, a ƙafa da kan babur da cikin mota, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ma'anar sunan ba, sai ranar da muka hau adaidaita sahu da 'yata ƙarama za mu je gaishe da kakarta. Da ta ji direba yana kiran sunan wurin, sai ta juyo ta ce da ni, "Baba, wane ne Tal'udu?" Ban yi wata-wata ba na ce mata wani malami ne na zamanin da, domin a kunnena sunan ya yi kama da Mas'udu da Sa'udu, kuma 'yar tsayawar nan da murya take yi a tsakiyarsa irin ta sunayen Larabci ce. Wani dattijo da ke zaune kusa da direba ya yi murmushi ya ce, "Malam, ba ka faɗa wa yarinya daidai ba. Ba malami ba ne, kamfanin Turawa ne." Ya bayyana mana cewa Taylor Woodrow, kamfanin gine-gine na Ingila, shi ne ya taɓa ajiye yadinsa a wannan yanki, wato wurin da yake tara motoci da kayan aiki, mutane suka riƙa kwatance da shi, har sunan ya koma yadda muke faɗinsa yau. Na ce, "Na gode, Baba," na kuma haɗiye kunyata, amma tun daga ranar na daina ɗaukar sunan unguwa a matsayin abin da ya faɗo daga sama.

Abin da ya fi ba ni sha'awa game da Tal'udu shi ne yadda bakin Bahaushe ya sarrafa sunan har ya ɓatar da sawunsa gaba ɗaya. Hausa ba ta son baƙaƙe su cunkushe wuri ɗaya babu wasali a tsakaninsu, ba ta kuma cika son kalma ta ƙare da baƙi ba, saboda haka duk baƙon sunan da ya shigo sai an rage masa wani abu, an ƙara masa wani, kafin ya samu wurin zama. Da wannan ƙa'ida ce tebur da bokiti da sukurudireba suka zama namu, da ita ce kuma unguwar da ta samo suna daga birged ɗin soja ta zama Birget, mayankar dabbobi ta zama Abbatuwa. Leburan da ya fara cewa yana aiki a Tal'udu bai yi kuskure ba, ya bi dokar harshensa ne, kuma ga shi yau kamfanin ya daɗe da tattara nasa ya nasa ya bar wurin, sunan kuwa yana nan a bakin yaran mota.

Da na fara lura, sai na ga irin wannan ya cika gari. Bata, inda cunkoson Sabon Gari ya fi tsanani, sunan kamfanin takalma ne. Kasuwar Singa, wadda yau ake saro shinkafa da sukari da taliya da man girki a cikinta, ta gaji sunanta daga kamfanin kekunan ɗinki na Singer, alhali mai neman keken ɗinki ba can zai fara dosa ba. Janbulo jan bulo ne kawai, wato gidajen da aka gina da jan tubali a lokacin da ginin ƙasa ne ya fi yawa. Akwai kuma Nomansilan, sunan Turanci da ke nufin filin da ba shi da mai shi, wanda yanzu babu taku ɗaya a cikinsa da ba a san mai shi ba. Ba Kano kaɗai ba ce: a Zariya ana sauka a PZ, wato Paterson Zochonis, a Kaduna kuma akwai Kabala Kostain, wadda aka jingina wa wani kamfanin gine-ginen don a bambanta ta da Kabala Doki. Wanda ya jera waɗannan sunaye zai iya gane kamfanonin da suka yi tashe a Arewa daga zuwan jirgin ƙasa Kano a 1911 har zuwa bayan samun 'yancin kai, ko da bai buɗe littafi ko ɗaya ba.

Sai dai kuskure ne a ɗauka cewa da zuwan Turawan mulkin mallaka aka fara haka. Cikin badala, a tsohon birni, akwai unguwar Alfindiki, kuma abin da ya sami Taylor Woodrow shi ne ya sami kalmar Larabci alfunduƙ, wadda ke nufin masaukin fatake, ɗaruruwan shekaru kafin nan. Ayarin da suka keto Sahara daga Gadamas da Tarabulus suna buƙatar inda za su sauke kaya su kwana, kuma masaukin ya bar sunansa ga unguwar bayan raƙuma sun daina zuwa. Ba nisa da nan akwai Dandalin Turawa, wanda ya fi kowane suna ruɗar yaran yanzu, domin suna ɗauka mutanen Ingila ake nufi. A tsohuwar Hausa, Bature shi ne farar fatan da ya fito daga arewa, wato Balaraben Afirka ta Arewa, kuma sai daga baya ne kalmar ta koma kan mutanen Turai ta zauna daram. Ma'anar farko ta fita daga maganar yau da kullum, amma ta samu mafaka a sunan wannan dandali. Lokacin da Heinrich Barth, matafiyin nan Bajamushe, ya iso Kano a 1851, ya tarar da waɗannan Larabawa zaune a kusa da Dala da gidajensu da kasuwancinsu, ya kuma rubuta sunayen unguwannin birnin, waɗanda da yawansu har yau da su ake kiran wuraren.

Tsohon birni dai, idan aka bi sunayensa ɗaya bayan ɗaya, kamar rajistar baƙi yake. Zangon Barebari ya nuna inda mutanen Borno suke sauka, Tudun Nufawa na mutanen Nupe ne, Agadasawa sun fito daga Agadas, Ayagi kuwa unguwar Yarabawa 'yan kasuwa ce, an kuma kira ta da wani tsohon sunan da ake kiransu da shi. Kalmar zango ita kanta ta yi tafiya tare da fataken goro har ƙasar Gana, inda ake kiran unguwannin Hausawa da sauran Musulmi baƙi da ita, kamar Sabon Zango na Akara. Wasu unguwannin kuma sunayen mutane ne da aka manta cewa mutane ne. Tsohon littafin tarihin sarakunan Kano ya ce a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, Wangarawa sun zo daga Mali da addinin Musulunci ƙarƙashin jagorancin Abdurrahman Zaite, ya kuma lissafa abokan tafiyarsa, cikinsu har da Mandawari da Sheshe. Duk wanda ya san Kano ya san Mandawari da Sheshe da Zaitawa a matsayin unguwanni, amma kaɗan ne daga masu sauka a Sabon Titin Mandawari suke tuna cewa sunan malami suke ambata. Da 'yata ta tambaye ni wane ne Mandawari, da amsar da na ba ta game da Tal'udu ta yi daidai. Haka Sharifai, wadda ake danganta zuriyarta da Shehu Magili, malamin da ya zo Kano a zamanin Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15.

Rukunin da ya fi taɓa min zuciya shi ne na itatuwa da rijiyoyi, watakila don na taso na tarar da ragowarsu, 'ya'yana kuma ba za su tarar ba. Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Rumfa, mai mulki daga 1463 zuwa 1499, tana ɗauke da sunan dajin da ya taɓa rufe bakin rafin Jakara, kuma wanda ya kutsa lungunanta yau tsakanin masu sayar da sirdi da turare da tasoshi zai yi wuya ya yarda cewa duhuwar itatuwa ce a da. Ɗorayi jam'in ɗorawa ne, Giginyu jam'in giginya, Kurna da Kawo sunayen itatuwa ne kai tsaye. Akwai Durumin Iya da Durumin Zungura da Ceɗiyar 'Yangurasa a cikin birni, akwai Kuka Bulukiya, akwai Rimin Keɓe da Rimin Auzinawa a waje, akwai kuma Tsamiyar Boka a wajen Hotoro, wadda sunanta kaɗai ya isa ya sa mutum ya hango mai magani zaune a inuwa da ƙullin saiwoyinsa. Dalilin wannan yawa a fili yake: a ƙasar da ba ta da tsaunuka masu yawa, babbar bishiya ita ce alamar da matafiyi yake hangowa daga nesa, a ƙarƙashinta ake hutawa, a nan mai fura take ajiye ƙwaryarta, daga nan kuma kasuwa take tsirowa, gidaje su biyo baya. Rijiya ma haka take, shi ya sa muke da Rijiyar Lemo da Rijiyar Zaki da Rijiya Biyu da Rijiya Huɗu. Gandun Albasa gona ce kafin ta zama unguwa. Wanda yake son sanin irin itatuwan da suka taɓa kewaye Kano, ya tsaya a tasha ya saurari kwandastoci.

A nan ne rubutun boko marar lanƙwasa ya yi mana ɓarna, kuma wannan abu yana damuna fiye da yadda yake damun yawancin mutane. Allunan kan titi da takardun hukuma da taswirar wayar hannu duk sun rubuta Dorayi da Gadon Kaya, babu ƙugiya a kan harafi. Ɗorayi idan ta rasa ƙugiyarta ta rabu da ɗorawa ke nan, ta zama sautin da ba ya nufin komai. Gadon Ƙaya kuwa ya tashi daga ƙaya mai suka ya koma kaya na ɗauka, ma'ana ta juye gaba ɗaya. Littafin tarihin da na ambata ya kira kurmin Jakara da sunan Kurmin Baƙin Ruwa, ya ce saboda ruwansa baƙi ne, amma idan aka cire ƙugiya sai ya zama bakin ruwa, wato gaɓa, kuma mai karatu ba shi da yadda zai gane wanne ake nufi. Mafi shahara a wannan fage shi ne Gwauron Dutse, wanda Turawa suka rubuta Goron Dutse, mu kuma muka bi su har bakinmu ya saba. Goro ba ya fitowa a kan dutse, kuma babu abin da ya haɗa wannan tudu da goro. Gwauro shi ne namijin da ba shi da mata, kuma bayanin da aka fi ji a bakin manya shi ne cewa dutsen yana tsaye ne shi kaɗai a gefe, nesa da Dala da jama'arta. Ita Dala, bisa ga wannan tarihi, sunan mutumin da ya fara gina gida a kan dutsen ne, wanda Barbushe ya fito daga zuriyarsa.

Ƙofofin gari suna da nasu darasin. Wasu a bayyane suke: Ƙofar Wambai ta ɗauki sunan sarauta, Ƙofar Kansakali ta adana wata tsohuwar kalma mai nufin takobi wadda ba a jin ta a bakin kowa yanzu, Ƙofar Famfo kuma an fasa ta ne a zamanin Turawa lokacin da aka jawo wa birni ruwan famfo, shi ya sa take ɗauke da kalmar aro a tsakanin 'yan'uwanta masu ɗaruruwan shekaru. Amma idan aka zo kan Ƙofar Na'isa da Ƙofar Dukawuya, sai labarai su yi yawa, kowa da irin wanda ya ji daga kakansa, domin sunayen sun yi kama da jimlolin Hausa, kuma duk sunan da ya yi kama da jimla sai an samu wanda zai ƙirƙiro masa mutumin da ya furta ta da ranar da ya furta ta. A ganina, idan labarin asalin suna ya cika daɗi, ya zo da sarki da fushi da amsa mai kaifi, to ya kamata a saurare shi don nishaɗi, a kuma yi taka-tsantsan da shi kafin a kai shi aji. Wani lokaci suna ne yake haifar da labari, ba labari ne ya haifi suna ba. Ni kaina na yi wannan aika-aika a cikin adaidaita sahu, inda na ƙera malami sukutum daga sautin kalma cikin daƙiƙa biyu, kuma da dattijon nan bai tanka ba, da 'yata ta kai wa ƙawayenta labarin a makaranta, da ya fara tafiyarsa ke nan.

Wannan taka-tsantsan ya shafi manyan garuruwa ma. Ana cewa Kwantagora ta samo suna ne daga umarnin Umaru Nagwamatse ga mutanensa cewa su kwantar da gorunansu sun iso masauki, ana kuma danganta Gusau da gusawa. Kaduna a wurin Bahaushe jam'in kada ce, saboda kadojin kogin, amma Gbagyi, waɗanda suka daɗe da zama a wurin, suna da nasu bayanin daga harshensu. Wannan yana tuna mana cewa Hausa tana da ƙarfin haɗiye sunan da ta tarar ta ba shi ma'anar gida, har a manta cewa akwai masu wurin kafin zuwanta. Inda ake da tabbaci shi ne inda tarihi ya kusa kuma aka rubuta shi, kamar Abuja, wadda ta samo suna daga Abu Ja, sarkin Zazzau na Haɓe da ya kafa garin a 1828. Da gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta zaɓi yankin a 1976 don sabon babban birnin tarayya, sai sunan ya koma can, tsohon garin kuma aka sa masa Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau.

Akwai kuma sunayen da ba sa tsufa ko da wuraren sun tsufa. Sabon Gari an kafa shi ne tun wajajen 1913 domin baƙin da jirgin ƙasa ya kawo daga kudu, ya haura shekara 100 ke nan, amma har gobe sabo ne. Sabuwar Ƙofa an buɗe ta a 1937, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, ta girmi kakannin masu wucewa ta cikinta da yawa. Wanda ya fi ba ni dariya shi ne Sabuwar Gandu. Gandu kalma ce ta namiji, kamata ya yi a ce sabon gandu, kuma malamin nahawu zai iya jan jan biro a kai. Amma masu sunan ba gona suke nufi ba, unguwar Gandu suke nufi, kuma a Hausa gari da unguwa mace ce a wajen suna, shi ya sa muke cewa Kano ta Dabo, ba Kano na Dabo ba. Kuskuren da ake gani a sunan shi ne shaidar cewa Gandu ta riga ta daina zama gona a zukatan mutane kafin a haifi sabuwarta.

Sana'o'i ma sun bar sawunsu, kuma ba sa buƙatar dogon bayani: 'Yan Kaba, 'Yan Awaki, 'Yan Kura, 'Yan Lemo, Dukawa, Soron Ɗinki. Wasu har yanzu sana'ar tana nan, wasu kuma sai sunan.

Abin da na lura da shi a duk wannan bibiya shi ne cewa hukuma ba ta cika yin nasara a kan bakin jama'a ba idan ta zo ta tarar wuri yana da suna. Kasuwar Sabon Gari a takarda sunanta Kasuwar Muhammadu Abubakar Rimi, don girmama tsohon gwamnan, amma ban taɓa jin mai adaidaita sahu ya kira ta da haka ba, kuma wanda ya ce a kai shi can da wannan suna sai an sake tambayarsa. Asibitin cututtuka masu yaɗuwa kowa Asibitin Zana yake ce masa. Inda sunan hukuma yake kamawa shi ne inda aka yi gini a fili fetal, babu sunan da zai yi takara da shi, kamar rukunin gidajen Kundila, wanda aka sa wa sunan attajirin nan na Kano da ake buga misali da dukiyarsa. Ita kanta kalmar adaidaita sahu misali ce ta yadda jama'a suke yi da abin da aka ba su: sunan shirin gyaran tarbiyya ne na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, wanda ya mulki Kano daga 2003 zuwa 2011, amma mutane suka ɗauke shi suka liƙa wa babur mai ƙafa uku, shirin ya wuce, babur ya riƙe suna. Dalili kuwa shi ne sunan wuri a wurin talaka kayan aiki ne, ba lambar yabo ba. Yana buƙatar kalmar da zai faɗa wa direba a gane, wadda za ta shiga bakin kwandasta a kira ta sau ɗari a yini ba tare da harshe ya sarƙe ba, kuma abin da ido ya fi gani a wurin shi ne yake cin wannan gasa, ko bishiya ce, ko rijiya, ko allon kamfani.

Har yanzu ana kan wannan aiki, ba a gama ba. Kasuwar wayoyin hannu mafi shahara a Kano tana zaune ne a Fam Santa, sunan da ke nufin cibiyar aikin gona, kuma saurayin da ya je sauya gilashin wayarsa ba ya tunanin taki ko iri idan ya ambaci wurin. A unguwarmu akwai wata mahaɗa da aka taɓa girke babbar taransifoma a gefenta, kowa ya riƙa cewa a sauke shi a Taransifoma. Shekarun baya ta lalace, aka zo da mota aka ɗauke ta, ba a dawo da ita ba, wani mai shayi ya kafa teburinsa a kan dandamalin simintin da ta bari. Makon jiya na hau adaidaita sahu daga kasuwa, yaron da ke tuƙi bai fi shekara 18 ba, na tabbata bai taɓa ganin na'urar da idonsa ba. Na ce masa Taransifoma, bai tambaye ni ko'ina ba, ya kawo ni daidai gaban teburin mai shayi ya tsaya.